Jifan Mashin da Ya Ɓace Daga Littafin Tarihi

A daren 8 ga Agusta, 2024, a filin wasa na Stade de France da ke gefen birnin Faris, Arshad Nadeem na Pakistan ya rugo da gudu, ya kafe ƙafarsa ta hagu, ya saki mashi a jifansa na biyu. Da aka auna, allo ya nuna mita 92.97. Nan take aka sanar da cewa ya kafa sabon tarihin gasar Olamfik, ya goge mita 90.57 da Andreas Thorkildsen na Norwe ya jefa a Beijing a 2008. Bai taɓa faruwa ba wani ɗan Pakistan ya ci zinare a Olamfik shi kaɗai, ba cikin ƙungiya ba, sai a wannan dare. A yankinsu na Mian Channu kwana aka yi ana murna, kuma sun cancanci su yi.

Sai dai duk wanda ya koma ya buɗe sakamakon gasar Olamfik ta Montreal ta 1976 zai ci karo da abin da zai ɗaure masa kai. A can, wani ɗan ƙasar Hangari mai suna Miklos Nemeth ya jefa mita 94.58 tun a jifansa na farko, ya ɗauki zinare, ya bar na biyu, Hannu Siitonen na Finlan, a baya da fiye da mita shida. Gasa ɗaya ce, wasa ɗaya ne, maza ne duka. Jifan Nemeth ya zarce na Nadeem da mita 1.61. Ba a ƙwace masa lambar ba, ba a taɓa tuhumarsa da maguɗi a wannan rana ba. To ta yaya 92.97 ta zama tarihin Olamfik? Kai, ta yaya ma aka shekara goma sha shida ana kiran 90.57 ta Thorkildsen tarihi, alhali ko a Mosko a 1980 wanda ya ci zinare mita 91.20 ya jefa?

Idan aka bar Olamfik aka dubi tarihin duniya gaba ɗaya, lamarin ƙara rikicewa yake yi. Littafin hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ya ce jifa mafi nisa shi ne mita 98.48, na Jan Zelezny ɗan ƙasar Cek, a garin Jena na Jamus ranar 25 ga Mayu, 1996. Amma tun a watan Mayun 1983 Ba'amurke Tom Petranoff ya jefa 99.72 a Los Angeles. Ranar 20 ga Yuli, 1984 kuma, a Barlin ta Gabas, wani ƙaton saurayi ɗan shekara 22 mai suna Uwe Hohn ya jefa mita 104.80. Allon filin ma bai da gurbin lamba uku kafin ɗigo, 04.80 ya nuna. Dukkan jifan nan biyu an auna su, an tabbatar da su, an yi shelarsu a matsayin tarihin duniya a lokacinsu. Yau babu ko ɗaya a saman jerin. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da zai fara zuwa wa mai bin wasanni a rai shi ne iska. A gudun mita 100 da dogon tsalle, idan iskar da ke tura ɗan wasa daga baya ta wuce mita biyu a daƙiƙa, ba a karɓar sakamakon a matsayin tarihi. Amma wannan doka ba ta shafi jifan mashi ba, ba jiya ba, ba yau ba. Ba a ajiye ma'aunin iska don masu jifa. Wannan ƙofa a rufe take.

Zato na biyu ya fi nauyi, domin biri ya yi kama da mutum. Hohn ɗan Jamus ta Gabas ne, ƙasar da takardun da suka fito bayan haɗewar Jamus a 1990 suka tabbatar da cewa gwamnatinta da kanta ta tsara bai wa 'yan wasa ƙwayoyin ƙara kuzari. Mutum zai iya cewa ai shi ke nan, an share jifan ne saboda zargin ƙwaya. Amma a duba abin da aka yi da sauran tarihin da 'yan ƙasar suka kafa. Daƙiƙa 47.60 da Marita Koch ta yi a gudun mita 400 a Canberra a 1985 tana nan daram a littafi. Mita 74.08 da Jurgen Schult ya yi a jifan faifai a 1986 ta zauna har watan Afrilun 2024, lokacin da Mykolas Alekna na Lithuania ya zarce ta da ƙarfin hannunsa. Da hukumar ta shiga share sunayen 'yan Jamus ta Gabas, da ba za ta ɗauke na Hohn kaɗai ta bar waɗannan ba. Sannan Nemeth ba Bajamushe ba ne, Petranoff ma haka. Duk abin da ya ɗauke jifan Hohn, shi ne ya ɗauke nasu, kuma bai tambayi ƙasar kowa ba.

Bakin zaren yana cikin shekarun. Idan aka jera tarihin duniya a jifan mashi, za a ga yana hawa a hankali: Terje Pedersen na Norwe ya fara haye mita 90 a 1964 da 91.72, Janis Lusis ya kai 93.80 a 1972, Klaus Wolfermann 94.08 a 1973, Nemeth 94.58 a 1976, Ferenc Paragi 96.72 a 1980, sai Petranoff, sai Hohn. Daga nan sai jerin ya yanke. Suna na gaba shi ne Klaus Tafelmeier na Jamus ta Yamma, a garin Como na Italiya a watan Satumbar 1986, da mita 85.74. An kira wannan tarihin duniya, alhali ya gaza na Hohn da fiye da mita goma sha tara. A Olamfik ta Seoul a 1988, Tapio Korjus na Finlan ya ci zinare da 84.28, nisan da ko tagulla ba zai samu da shi ba a Montreal shekara goma sha biyu kafin nan. Ba mutum ɗaya ne ya ja baya ba. Kowa da kowa ne, daga Finlan har Amurka, kuma a shekara guda. Hannuwan maza ba sa mutuwa rana ɗaya a duk duniya. In kuwa ba mutanen ne suka canza ba, to abin da ke hannunsu ne.

Nan ma akwai tarko. Wanda ya ji an ce an canza mashi zai ɗauka an ƙara masa nauyi. Ba a ƙara ba. Mashin maza giram 800 ne kafin 1986, giram 800 ne yau. Tsawonsa tsakanin mita 2.60 da 2.70 ne a da, haka yake yanzu. Idan aka ajiye tsoho da sabo a ƙasa gefe da gefe, wanda ba ɗan hannu ba da wuya ya bambance su. Abin da dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 1986 ta taɓa shi ne cibiyar nauyin mashin, wato daidai wurin da za ka ɗora shi a kan yatsa ɗaya ya tsaya bai karkata ba. An matsar da wannan wuri gaba, wajen tsini, da santimita huɗu. An kuma rage faɗin jikin mashin ta gaba, aka ƙara kaurinsa ta wutsiya. Iyakar abin ke nan. Santimita huɗu, faɗin yatsu biyu zuwa uku.

Kafin a gane yadda abu ƙanƙane haka zai cinye mitoci masu yawa, sai an koma 1953. Kafin wannan lokaci mashin gasa sanda ce ta katako, cikinta a cike, siririya, wadda ke tashi ta faɗo kusan kamar kowane abu da aka jefa. Wani Ba'amurke mai jifa, Bud Held, tare da ɗan'uwansa Dick, suka ƙera wani mai rami a ciki. Nauyinsa bai canza ba, amma jikinsa ya fi kauri, don haka iska ta sami wurin da za ta tallafe shi. Da shi Bud Held ya zama mutum na farko da ya haye mita 80, ya jefa 80.41 a Pasadena. Daga nan maƙera suka gane cewa rabin jifan yana hannun ɗan wasa, rabi yana jikin mashin. Aka bar katako aka koma ƙarfe, kowane kamfani yana neman siffar da za ta fi daɗewa a sama.

Mashi idan yana sama, abu biyu ne ke jayayya a kansa. Nauyinsa yana jan sa ƙasa daga cibiyar nan da aka ambata. Iska kuma tana tura shi sama, ita ma tana da wurin da ƙarfinta ke taruwa a jikinsa. A tsohon mashi wuraren nan biyu suna dab da juna, don haka babu abin da ke tilasta wa kansa sunkuyawa. Yana tafiya kai a ɗage, iska na ɗauke da shi, yana shawagi har ƙarfinsa ya ƙare. Da aka matsar da nauyin gaba aka kaurara wutsiya, sai iska ta koma tura shi ta baya, wutsiya ta ɗago, kai ya sunkuya da wuri, ya nufi ƙasa. Duk wanda ya yi wasa da karan dawa yana yaro ya san wannan: kara tsurarsa in ka jefa shi yakan yi ta lilo ya faɗi a kwance, amma in ka soka masa ƙusa a kai, da kan zai sauka ya cake. Daga ranar da dokar ta fara aiki aka rufe tsohon littafi da sunan Hohn a samansa, aka buɗe sabo babu komai a ciki. Jifan Nemeth na Montreal yana cikin wancan rufaffen littafi. Na Thorkildsen da na Nadeem suna cikin sabon.

Wannan ya amsa yadda aka yi. Bai amsa dalili ba, kuma a nan ne labarin da aka fi yaɗawa ya kauce hanya.

Abin da kusan kowa ke faɗa shi ne Hohn ne ya jawo. Hankali ma zai karɓa. Ciyawar da ke tsakiyar filin guje-guje tsawonta bai wuce na filin ƙwallon ƙafa da yawa ba, wajen mita 105. Bayanta akwai wurin masu tsallen sama, akwai alƙalai, akwai layin da masu gudu ke zagayawa. Mashin da ya yi tafiyar mita 104.80 ya cinye filin kusan duka. Ƙarin mita biyar, ko iska ta karkatar da shi, sai a yi jana'iza. Haɗarin gaskiya ne, kuma babu shakka jifan ya sa masu jan ƙafa kan canza mashin sun yi shiru. Amma shawarar canza mashin an riga an gabatar da ita a hukumance kafin Hohn ya taka filin Barlin a wannan rana. Abin da ya zo daga baya ba zai zama sanadin abin da ya riga shi ba.

Ainihin ciwon yana wurin saukar mashin ne. Doka ta ce jifa ba ya halatta sai idan kan ƙarfen ne ya fara taɓa ƙasa. Ba dole ya cake ba, amma dole kan ya riga sauran jiki, kuma daga inda ya taɓa ake aunawa. To mashin da aka ƙera don ya yi shawagi kai a ɗage, a kwance yake sauka. Yakan shafi ciyawa ya zame, wani lokaci ba tare da barin wata alama ba. Alƙalin da ke tsaye can nesa, yana kuma kaffa-kaffa da ransa, shi ne zai yanke cikin ƙiftawar ido: kai ne ya fara taɓawa, ko ciki, ko wutsiya? Farar tuta ko ja? Mafi kyawun jifa, wanda ya fi daɗewa a sama, shi ne ya fi sauka a kwance, don haka gardamar takan faɗa ne daidai kan jifan da zai raba zinare da azurfa.

Mosko ce ta fito da abin fili. A wasan ƙarshe na 1980, Dainis Kula na Tarayyar Sobiyet, ɗan asalin Latbiya, ya ɓata jifansa biyu na farko. A ƙa'ida, bayan jifa uku ana tace mutum takwas su ci gaba, sauran su tattara kayansu. Jifansa na uku ya tafi da nisa, ya sauka a yanayin da masu kallo da yawa suka ga a kwance ne. Alƙalai, waɗanda 'yan gida ne, suka ɗaga farar tuta. Kula ya tsallake, ya jefa 91.20 a zagaye na gaba, ya ci zinare. Da ja aka ɗaga, da ko cikin takwas ɗin ba ya ciki. Ni a ganina laifin bai kamata a ɗora wa Kula ba, shi jifa aka ce ya yi kuma ya yi. Matsalar ita ce wasan ya kai matsayin da zinaren Olamfik ke rataye a kan abin da idon mutum ba zai iya tantancewa ba, kuma ko alƙalin ya yi gaskiya babu yadda zai tabbatar wa wanda ya sha kaye. Wasan da tef ɗin awo ya kamata ya yanke masa hukunci ya koma hannun zato.

Akwai shaidar da ta rufe wannan gardama, kuma daga ɓangaren mata ta fito. Mashinsu giram 600 ne, kuma ba a taɓa shi ba a 1986. Tarihinsu ya tsaya a mita 80.00 cif, na Petra Felke a Potsdam a 1988. Mita tamanin ba ta barazana ga kowa a ɗaya ƙarshen fili, akwai sauran ciyawa fiye da mita ashirin. Amma nasu mashin ma ya ci gaba da sauka a kwance, ana ta jayayya, har a 1999 aka matsar da cibiyar nauyinsa gaba, aka rufe nasu littafin, aka buɗe sabo. Yau tarihin mata 72.28 ne, na Barbora Spotakova tun 2008. Inda babu haɗari ko kaɗan an yi magani iri ɗaya, domin cutar ɗaya ce.

Da labarin ya ƙare a nan, da lissafi ya daidaita. Amma wanda ya bi sabon littafin da kyau zai ga shi ma akwai shafin da aka yage. A watan Yunin 1991, a wani ƙaramin gari na Finlan mai suna Punkalaidun, Seppo Raty ya jefa mita 96.96 da mashi na bayan 1986. An yi shelar tarihin duniya. Amma a watan Janairun 1992, da Steve Backley na Birtaniya ya jefa 91.46 a New Zealand, shi ma aka ce ya kafa tarihin duniya. Jifa ya sake ɓacewa, wannan karon fiye da mita biyar.

Wanda ke tsakiyar wannan ɓatan na biyu ba baƙo ba ne. Miklos Nemeth ne, gwarzon Montreal, ɗan Imre Nemeth da ya ci zinaren jifan guduma a Landan a 1948. Bayan ya daina jifa ya koma ƙera masu. Dokar 1986 ta ƙayyade nauyi da tsawo da kauri da cibiya, amma ba ta ɗaure maƙera a kan santsin jikin mashin ba. Nemeth ya fito da wani mai kaushin wutsiya. Kaushin yana rikita yadda iska ke bin bayan mashin, ya jinkirta sunkuyawar kai, ya dawo da wani abu daga shawagin da aka hana. Sauran kamfanoni suka bi sahu, wasu da huji, wasu da fenti mai gurzo.

Sakamakon bai ɓoyu ba. A farkon Yulin 1990 Backley ya jefa 89.58 a Stockholm da mashi mai santsi. Kafin watan ya ƙare Zelezny ya ɗauki na Nemeth ya jefa 89.66 a Oslo, Backley ma ya ɗauki irinsa ya jefa 90.98 a Landan. Shekara ta zagayo Raty ya yi 91.98 a Japan, sannan 96.96. Cikin wata goma sha ɗaya tarihi ya ƙaru da fiye da mita bakwai. Hukumar ta ga inda aka dosa, ta haramta masu kaushin a ƙarshen 1991, ta share duk tarihin da aka kafa da su, ta mayar da shi kan 89.58 ta Backley. Kimmo Kinnunen na Finlan, wanda ya ci gasar duniya a Tokyo a wannan shekara da 90.82 da mashi mai kaushi, ya riƙe lambarsa, amma nisan ya fita daga jerin.

Haramcin ya dace, in ba haka ba da gasar ta koma ta maƙera. Amma sharewar ta 1991 ta fi ta 1986 ciwo, kuma ina ganin an zalunci Raty. Hohn an rufe littafi ne da sunansa a sama, kowa ya san nasa ne har abada. Raty kuwa ya yi jifa da mashin da alƙalai suka duba suka amince da shi a ranar, sannan aka zo daga baya aka ce a yi kamar ba a yi ba.

Abin da ya hana sabon mashin zama abin raini shi ne Zelezny. Ba ƙato ba ne irin Hohn, amma saurin gudunsa da yadda yake tankwara jiki ya saki hannu sun nuna cewa ana iya nisa ba tare da taimakon shawagi ba. Ya yi 95.54 a Afirka ta Kudu da 95.66 a Sheffield, duka a 1993, sannan 98.48 a Jena. Ya ci zinaren Olamfik sau uku a jere, 1992, 1996 da 2000, da gasar duniya sau uku. Mita 92.80 da ya jefa a Edmonton a 2001 ita ce har yanzu tarihin gasar duniya. Julius Yego na Kenya, wanda ya fara koyon dabarun jifa ta kallon bidiyo a YouTube, ya zo dab da ita a Beijing a 2015 da 92.72, saura santimita takwas. Johannes Vetter na Jamus ya jefa 97.76 a Folan a 2020, saura santimita 72 ya taɓa tarihin duniya. Da mashin da aka ƙera musamman don ya sunkuya da wuri, maza sun sake dosar mita ɗari.

Shi kuwa Hohn, abin da ya same shi ya wuce batun littafi. Jamus ta Gabas ta bi Tarayyar Sobiyet ta ƙaurace wa Olamfik ta Los Angeles a 1984. Mako biyu da 'yan kwanaki bayan jifansa na Barlin, Arto Harkonen na Finlan ya ci zinare a can da mita 86.76, ƙasa da nasa da mita goma sha takwas, da irin mashin da shi ma ya jefa. Ya ci Kofin Duniya a Canberra a 1985, sai ciwon baya da tiyatar da ta biyo baya suka raba shi da fili a 1986. Mutum ɗaya tilo da ya taɓa haye mita ɗari a gasa bai taɓa jifa ko ɗaya a Olamfik ba. Ya koma horar da matasa, kuma a 2017 Indiya ta ɗauke shi mai horar da masu jifan mashinta. A hannunsa Neeraj Chopra ya ci zinaren gasar Commonwealth a Ostareliya a 2018 da mita 86.47, sannan na gasar ƙasashen Asiya a Jakarta da mita 88.06.